Katin Asibiti a Cikin Leda

Bakwai na safe ba ta cika ba, amma bakin ruwan Yelwa ya riga ya ɗinke da mutane. Ana sauke buhunan albasa daga wani dogon jirgin katako, warin banda ya gauraya da na fetur, 'yan dako na ta kiran a ba su hanya. Kusa da wani kwalekwale da aka kife ana toshe masa ɓaraka, wata mata ta zauna da yaro a cinya, jikinsa zafi rau. Ta ji ana ce wa abokin tafiyata likita, sai ta yafito shi. Ta kwance bakin zane ta zaro leda. A cikin ledar akwai wata ledar, a cikin ta biyun kuma wani ɗan littafi da ya sha hannu har gefensa ya yi laushi.

Abokina ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Inna, ai wannan na Nijar ne."

Ta ce, "To ai can aka haife shi, ɗan nan. A Gaya. Ruwa ne ya kawo mu."

Mijinta masunci ne. Idan kifi ya yi ƙasa sai su loda komai a jirgi su gangaro, su yi wata uku ko huɗu a wata tunga, sannan su haura. Ita da abokina suna magana da Hausa ɗaya, ba mai neman tafinta. Littafin ne kawai bai jin Hausa. Abokina ya iya karanta kwanan wata, ya gane BCG da Penta don haka ake rubuta su ko'ina. Ɗigon shan inna da ya saba gani OPV, a nan ya juye ya koma VPO, wannan ma ya cinka. Da ya zo kan VAR da VAA sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Na farkon allurar ƙyanda ce, na biyun ta shawara, amma sai da dare muka tabbatar. A shafin ƙarshe akwai layi huɗu da wani malamin asibiti ya rubuta da hannu, da Faransanci, ranar da aka taɓa kwantar da yaron. Me ya same shi, me aka ba shi, ko akwai maganin da jikinsa ya ƙi, duk suna nan a rubuce a gabanmu, mu kuwa muna kallonsu kamar zanen kaza a ƙasa.

Daga Birnin Kebbi na taso kwana ɗaya kafin nan, ta Jega da Koko, muka ratsa ƙasar Shanga cikin hazon hunturu muka sauka Yelwa bayan la'asar. Ziyarar tsohon abokin makaranta ce ta kawo ni. Shi ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne na matakin farko, sai dai a bakin ruwa duk mai farar riga likita ne, ya kuma gaji da gyara wa mutane. Ya yi mini alkawarin kifi da yawon jirgi. Duka biyun na samu, amma littafin matar nan ne ya biyo ni har gida.

Ɗan asibitin da yake aiki ɗaki uku ne da rumfa. Na isa a ƙarshen wata, wato a mafi munin lokaci. Teburinsa cike yake da rajista, kowace faɗinta ya kai tabarmar sallar yaro: ta masu zuwa a duba su su koma gida, ta awon ciki, ta haihuwa, ta riga-kafi, ta tazarar haihuwa. Yana bin layi da kan biro yana ƙirga a ƙasan murya, ya juyar da jimilla cikin fom ɗin aikin wata. Idan mara lafiya ya shigo sai ya sa murfin biro a inda ya tsaya, ya tashi, ya dawo ya tarar iska ta buɗe wani shafin. Washegari fom ɗin zai hau babur zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, inda jami'in tattara bayanai zai shigar da shi kwamfuta, in akwai wuta, in kuma sabis ya yarda. Daga nan mai zaune a Birnin Kebbi ko Abuja yana iya danna maɓalli ya ga yara nawa aka yi wa allurar ƙyanda a wannan ɗan ɗakin.

Manhajar da ke ɗaukar wannan lissafi sunanta DHIS2, tana kuma da tarihin da ya dace da labarinmu. Asalinta Afirka ta Kudu ne, a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, lokacin da sabuwar gwamnati ta gaji ma'aikatun lafiya har 14, kowace da takardunta, ba wadda ta san abin da 'yar'uwarta ke ciki. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke rainonta yanzu, ƙasashe fiye da 70 ne suke aiki da ita. Nijeriya na ciki, haka Nijar, haka Benin. Wato malamin asibitin da ya rubuta layi huɗun nan a Gaya, shi ma a ƙarshen wata yana can yana ƙirga da kan biro, lissafinsa ya shiga manhaja iri ɗaya da ta abokina. Nasa ya haura Yamai, na abokina ya haura Abuja. In za su haɗu, sai dai a wani babban taro, bayan an narkar da yaron ya zama ɗigo a cikin jimillar ƙasa. Tsakanin Gaya da Yelwa kuwa ruwa ɗaya ne.

Na tambaye shi ko yaron nan zai shiga lissafinsa. Ya yi dariya, ya ce ai matsalar ke nan. Adadin yaran da ake sa ran zai yi wa riga-kafi a shekara ana ciro shi ne daga ƙidayar 2006, a yi ta ƙara masa kaso kowace shekara, don tun daga ita ba a sake ƙirga mutanen ƙasar nan ba. Idan masunta suka sauka, sai ya zarce ɗari bisa ɗari, a ce ya yi coge. Idan suka tashi, ya faɗo ƙasa, a ce ya yi lalaci. Takardar ta ɗauka kowa a tudu yake zaune, da katanga da ƙofar gida.

Da dare muka je gaida kawunsa, tsohon likita ne da ya yi karatu a Masar, ya ajiye aiki ya koma noman albasa. Shi ya warware mana VAR da VAA, ba don ya iya Faransanci ba. Ya aiki jikansa ya ɗauko wani ƙaton littafi daga saman kwaba, ya kaɗe masa ƙura. Ƙamus ne na kalmomin likitanci, Ingilishi da Larabci da Faransanci jere da juna. Ya sa tabarau ya bi shafi da yatsa har ya kai ga kalmar.

Ya ce, "Ku yaran zamani kun ɗauka kwamfuta ce farkon magana. Suna ne farkon magana."

Labarin ƙamus ɗin ya cancanci a tsaya a kansa. Larabawa suna da harshe ɗaya na rubutu tun daga Maroko har Oman, duk da haka likitocinsu sun wayi gari ba sa kiran cuta da suna ɗaya. A Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Faransanci aka saba koyon likitanci. A Masar da Saudiyya da Ingilishi. Siriya ce ta dage tana koyarwa da Larabci a Jami'ar Dimashƙa tun fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ko masu rubutu da Larabcin ma, na Bagadaza ya fassara kalma yadda ya ga dama, na Alƙahira ya fassara tasa. A 1966 ƙungiyar likitocin Larabawa ta kafa kwamiti ya zauna ya tsayar da kalma guda ga kowace gaɓa da kowace cuta, a 1973 aka buga ƙamus ɗin a Bagadaza. Daga baya aka ƙara masa Faransanci, ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da yankin, wanda ke Alƙahira yanzu, ya karɓi ɗawainiyarsa, har ya hau intanet. Lokacin da zamanin ajiye bayanan mara lafiya a kwamfuta ya zo, ƙasashen suka tarar da akwai wata tabarma da magabata suka riga suka shimfiɗa musu.

Kawu bai yarda in kambama su ba. Ya ce har gobe takardar asibitin Tunis ba lallai ta karantu a Jidda ba, ƙasashen Tekun Fasha sun yi nisa da kuɗin mai, su Sudan da Yaman da Siriya yaƙi ya cinye musu asibitoci balle rajista. Saudiyya ta buɗe asibitin Seha a Riyad a 2022, inda ƙwararren likita ke duba mara lafiyar da ke wani gari ta allo, alhali akwai ƙasashen Larabawan da malamin asibiti ke neman biro. Taswirar Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta raba su: Aljeriya da Muritaniya suna ɓangaren Afirka tare da mu, ofishin Alƙahira kuma ya haɗa da Iran da Fakistan da Afganistan da ba Larabawa ba. Abin da ya ce a yaba musu shi ne sun gane ciwon da wuri, sun zauna a kansa shekara da shekaru.

Ina kwance a daren nan ina juya maganar. Halinmu da nasu kamar an tsaga kara. Hausa ce ake duba mara lafiya da ita daga Yauri har Agadas, amma da zarar biro ya taɓa takarda sai ta koma Ingilishi a nan, Faransanci a can. Mu kuwa ko zaman farkon ba mu yi ba. Ɗauki kalmar shawara. Mace za ta ce ɗanta na da shawara don idonsa ya yi ɗorawa. Wannan na iya zama ciwon hanta, na iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya tsananta, na iya zama ciwon sikila, na iya zama kuma zazzaɓin shawara na ainihi, wanda mutum guda ya isa a tayar da jami'ai daga Abuja. Malamin asibiti ne zai zaɓi layin da zai sa alama a kai, cikin minti biyu, ba ɗakin gwaji. Duk kyan manhajar da ke sama, abin da ya zaɓa shi za ta haɗiye. Ba kuma baƙon abu ba ne rubuta ilimin magani a ƙasar nan: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce da Larabci kan ciwon ido da basur, ya kuma nemi Bature Clapperton, da ya ziyarce shi a 1824, da a turo masa likita ya zauna Sakkwato.

Rana ta uku muka shiga ruwa. Mun bi mota ta Birnin Yauri, tsohuwar hedikwatar masarautar, muka gangara Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, daga nan muka ɗauki jirgi. Lokacin baƙin ruwa ne, wato ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini tun damina, ya yi watanni yana ratsa Mali yana zubar da laka, sai cikin hunturu ya iso nan a tace. A Wara kogin ya daina zama kogi. Ka duba yamma ba ka ganin gaɓa, sai hazo da tsuntsaye. Mai jirgin dattijo ne Bagunge, yana riƙe da inji da hannu ɗaya, yana kauce wa abin da ni ban gani ba. Na ce, "Baba, me kake gudu?" Ya nuna da haɓa. Kan wani kututture ne ya ɗan leƙo, baƙi ƙirin, ruwa na wasa da shi. Ya ce nan kurmi ne a da, can kuma gonar gero, gaba kaɗan garinsu.

An fara gina madatsar Kainji a 1964 aka gama a 1968. Tafkin da ta haifar ya haura kilomita 130 a tsawo, ya tashi mutane fiye da 40,000, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa da yawa. Itatuwan da ba a sare ba suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa har yau. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya ɗauko 'yan kasuwa tsakanin Wara da ɓangaren Borgu ta jihar Neja ya dare a tsakiyar ruwa, mutane fiye da 100 suka salwanta. Kwanaki ana tsamo gawa, kowace kafar labari da nata adadin, don mai shiga jirgi kuɗi yake miƙawa, ba suna ba. Da muka zo daidai wajen dattijon bai ce komai ba, ya dai rage gudu.

Ruwan nan ya daɗe yana cin takarda. A Busa Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806, littafin tafiyarsa ya tafi tare da shi. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo Yauri musamman don an ce musu takardun suna hannun Sarki, suka yi makonni suna jira, suka tafi hannu rabbana. Abin da aka nuna musu a Busa wani littafin lissafin matuƙan jirgi ne kawai. Na faɗa wa abokina haka, ya ce to ai shi ma damina biyu da suka wuce ruwa ya shiga ɗakin ajiyarsa ya jiƙa rajistar shekara uku, ba wanda ya taso daga Ingila nemanta.

Madatsar ta sauya cututtukan ma. Gangaren duwatsun da ruwa ke tafasa a kansu, inda ɗan baƙin ƙudan da ke makantar da mutane yake hayayyafa, tafki ya rufe su. A madadinsu aka samu ruwa kwantacce mai ciyawa, gidan ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. A tungar da muka sauka, yara na ta tsalle daga kan jirage suna faɗawa ruwa, abokina ya ce in ka tara goma ka tambaye su wa ke ganin jini a ƙarshen fitsari, kunya ce kawai za ta hana hannuwa tashi. Wasu iyayen ma suna ɗauka alamar balaga ce, ba mai kai yaro asibiti a kanta, don haka ba ta shiga rajista. A shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus kan kamun kifi a tafkin, duk shekara sai an bi tunga-tunga an ƙirga jirage da taru da masunta, ana auna warangin da aka kamo. Akwai lokacin da aka fi sanin lafiyar kifin Kainji a kan ta mai kama shi.

A tungar na ga kayan aikin da ya fi burge ni a duk tafiyar. Sanda ce, tsawonta ya ɗara mutum, an shafa mata fenti gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ɗigo: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Mai riƙe da ita manomi ne da mutanen gari suka zaɓa ya riƙa raba maganin makantar kogi. Mutum ya tsaya jikin sanda, inda kansa ya kai nan ne adadin ƙwayar da zai haɗiya. Ba sikeli, ba Turanci. Yana da littafi da ya rubuta kowane gida da mutanensa, ya san wanda ya tafi ci-rani, ya san mai ciki da za a tsallake bana. Ya buɗe mini, na ga wasu sunayen da boko wasu da ajami, yadda hannunsa ya fi sakewa. Maganin Mectizan ne, wanda kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta tun 1987. Yaƙi da wannan cuta shi ne babban misalin da Afirka ta Yamma take da shi na aiki tare: daga 1974 zuwa 2002 ƙasashe 11 suka haɗa kai daga Wagadugu suna fesa magani a koguna, suna musayar lissafin ƙuda da na makafi, don sun san ƙuda ba ya tsayawa a shingen kwastan. Nijeriya ta shigo a shiri na biyu da aka fara a 1995. A ƙarshen Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ƙasa ta farko a Afirka.

A cikin wannan makon na ƙarshen Janairun 2025 dai ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Hukumar lafiya ta ƙungiyar, wadda aka kafa a 1987 da mazauni a Bobo-Dioulasso, ita ce rumbun da ƙasashen yankin ke zuba rahoton annoba a ciki. Ban zo Yauri yin siyasa ba, kowa da hujjarsa. Na dai san sanƙarau da ya addabi Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025 iskar hunturu ɗaya ce ke kaɗa shi da na Doso ta Nijar, kuma lokacin da aka rufe iyaka a 2023 motoci ne suka tsaya a Kamba, jiragen ruwa ba su fasa gangarowa ba.

A hanyar dawowa na tuna katin riga-kafi mai ruwan ɗorawa da ke cikin fasfona. Shi kaɗai ne takardar lafiyar da na sani wadda jami'in Kano da na Yamai da na Jidda duk suke karantawa ba gardama, don an tsara shi iri ɗaya a duniya, Ingilishi da Faransanci a shafi guda. Bayan sanƙarau nau'in W135 ya ɓarke a tsakanin alhazai a 2000 da 2001, ya bi su gida, ya yi ɓarna a Burkina Faso a 2002, Saudiyya ta wajabta allurar da ke kare nau'i huɗu, kowace ƙasa ta bi, ba wanda ya ce harshe ya hana shi. Ashe ana iyawa. An yi wa mai hawa jirgin sama ne, wanda ke tsallaka iyaka sau ɗaya a shekara ko a rayuwa. Mai jirgin ruwa da ke ratsa ƙasa uku da jiha biyu tsakanin Sallah da Sallah, shi aka bar wa leda.

Safiyar da zan tafi matar ta zo asibitin. Zazzaɓin ya sauka, gwaji ya nuna na cizon sauro ne, yaron na ta jan igiyar awon nauyi. Abokina ya ɗauko sabon katin riga-kafi na Nijeriya, ya kwafe kwanakin da ke cikin na Nijar ɗaya bayan ɗaya, VAR a layin ƙyanda, VAA a layin shawara. Layi huɗun nan kuwa ya ɗauki hotonsu ya tura ta WhatsApp ga wani da suka taɓa haɗuwa a aikin ɗigon shan inna na kan iyaka. Amsa ta zo da murya, cikin Hausar Dandi: gudawa ce aka kwantar da shi a kanta, an yi masa ƙarin ruwa, ba wani maganin da ya ƙi. Abokina ya juya bayan katin ya rubuta haka da Hausa, da manyan baƙaƙe, ya ƙara abin da shi ya ba yaron da kwanan wata, ya ce ko wa ya karɓa a can zai iya haɗa baƙin.

Ya ce, "Inna, kada ki raba su. Duk inda kika je ki miƙa biyun tare."

Ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗan nan."

Ta haɗa su ta ninke, ta sa a ledar ciki, ta sa a ta waje, ta ƙulle a bakin zane. Ta ce jibi za su haura, kifi ya fara komawa sama. Abokina ya jawo rajista, ya nemi inda murfin biro yake, ya ci gaba da ƙirga.